Kwana Tara a Ƙasar Maraɗi da Yaran Makarantar Hutu

Wata Lahadi bayan Ista, lokacin sanarwa, magatakardan ikilisiyarmu a Gombe ya miƙe da wasiƙa a hannu. Daga wani fasto ɗan ƙasar Nijar take, mai kula da wata 'yar ƙaramar ikilisiya a wani ƙauye na gefen Maraɗi. Shi da Baba Fastonmu sun taɓa zama aji ɗaya a makarantar Littafi Mai Tsarki tun suna samari. Roƙonsa ɗaya ne: a aika masa da mutanen da za su taya shi yin makarantar hutu ta yara har mako guda a watan Agusta, lokacin da makarantun boko na can suke dogon hutun damina. Ya ce yara suna da yawa, mai koya musu kuwa mutum ɗaya tak, wani saurayi manomi. Shekarata goma sha ɗaya ke nan a lokacin ina koyar da 'yan shekara shida zuwa tara a Makarantar Lahadi. Ana tashi sujada na je na ba da sunana.

Abin ya taɓa ni ne saboda inda na fito. Iyayena mutanen Kaltungo ne, kuma mu a ƙasar Tangale mun san abin da ake nufi da baƙo ya zo daga nesa da bishara. A 1917 John Hall da Gordon Beacham, 'yan ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), suka sauka a Kaltungo, kuma kakata tana ba mu labarin yadda mahaifinta ya koyi karatu a azuzuwan 'yan mishan na gindin bishiya. Mishan ɗin nan dai ita ce ta shiga Damagaram a 1924, daga baya ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Ashe rijiya ɗaya aka shayar da mu da su. Mu namu ruwan ya yi yawa har ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, tana aika nata 'yan mishan ta hannun ƙungiyarta ta aikin mishan, EMS. Su kuwa Kiristocin Nijar har yau 'yan tsiraru ne ƙwarai a cikin al'ummar da kusan kowa Musulmi ne. Sai na ji kamar bashi ne a wuyanmu.

Mutum ashirin da uku muka ba da suna. Kwamitin dattawa ya zauna da mu ɗaya bayan ɗaya. Matar aure ta kawo takardar yardar mijinta, saurayi ko budurwa ta iyayensu. Ni abin da wani dattijo ya tambaye ni shi ne, "'Yata, in yaro ya yi miki fitsari a jiki kina cikin ba da labari, me za ki yi?" Na ce zan wanke shi, in wanke zanena, in ci gaba daga inda na tsaya. Ya gyaɗa kai bai ce komai ba. Aka zaɓi mu goma sha biyu: malaman Makarantar Lahadi biyar, ma'aikaciyar jinya ɗaya, mawaƙa biyu, samari biyu daga 'Yan Birged, wato ƙungiyar samarin ikilisiya, direba, da wani dattijo da aka ba shi jagorancinmu.

Maganar kuɗi ta ci mana wata uku. Aka yi baiko na musamman sau biyu. Zumuntar Mata suka riƙa soya ƙosai da dama kunun gyaɗa kowace Lahadi a ƙofar majami'a, ribar duka ta shiga asusun tafiya. Wani dattijo mai gona a wajen Kumo ya kawo buhun masara biyu aka sayar. Wata gwauruwa da ba ta da ko sisi ta kawo kaza. Kowannenmu kuma shi ya biya kuɗin takardunsa daga aljihunsa, don dattawa sun ce wanda bai sa nasa a ciki ba, ba zai san nauyin na jama'a ba.

Takardun ba su da yawa, amma ba a wasa da su. A lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar ECOWAS, ba a bukatar biza. Mai fasfo ya tafi da fasfonsa, marar shi ya je Hukumar Shige da Fice ya yi takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS. Sai katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin cutar shawara. A nan muka yi rashi. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma da yin ta, kuma ma'aikaciyar jinyarmu ta yi ta nanata wannan tun watan Yuni. Wata ƙanwarmu, wadda ta fi mu duka murya, jarrabawa ta riƙe ta, ba ta samu ta yi ba sai ana saura kwana huɗu mu tashi. Ta yi kuka, mu ma mun yi. Wani ya ce ai ana iya samun katin da aka rubuta kwanan baya. Dattijonmu ya ce ba za mu ɗauki sunan Yesu mu ƙetare iyaka da takardar ƙarya ba. Ta zauna, muka tafi mu goma sha ɗaya. Bayan waɗannan akwai wasiƙar gayyata da faston can ya rubuto da Faransanci, da tamu ta gabatarwa da Baba Fasto ya sa wa hannu, da takardun mota.

Kowace Asabar da yamma muna haɗuwa a majami'a don shiri. Muka zaɓi labarin Yusufu daga Littafin Farawa, a rarraba shi kwana biyar: riga, rijiya, gidan Fotifar, kurkuku, sai gafarar da ya yi wa 'yan'uwansa. Muka yanka hotuna, muka ɗinka 'yan tsana, muka tsara waƙoƙi masu tafi. Muka kuma fara tara gwanjo da kwalayen alewa da biskit, har ɗakin ajiya ya cika.

Sai Baba Fasto ya kira abokinsa a waya gabanmu, ya buɗe murya kowa ya ji, yana zayyana masa abin da muka tara. Mutumin ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan'uwana, na gode wa ikilisiya, Allah ya saka. Amma alewar nan ku bar ta a Gombe. Tufafin ma ku bar su." Muka dubi juna. Ya ce yawancin yaran da za su zo 'ya'yan maƙwabtansa ne Musulmi, waɗanda suke barin su zuwa don sun yarda da shi. In yaro ya koma gida da alewa a baki da sabuwar riga, washegari magana za ta zaga gari cewa Kiristoci sun zo sayen yara. Ya tuna mana watan Janairu na 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Ƙauyensu wutar ba ta kai ba, domin maƙwabta ne suka tsaya. Ya ce, "Wannan amanar shekara da shekaru na yi ina gina ta. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Ku mako guda za ku yi, ni a nan za a binne ni." Ya kuma roƙa kada kowa ya ɗauki hoton yaro sai da iznin iyayensa, kada kuma a sa a intanet.

Gaskiya maganar ta yi wa wasunmu zafi, domin da zuciya ɗaya aka tara kayan. Ni ma na kwana ina juya ta. Amma da na sa kaina a matsayin uwa a ƙauyen, wadda baƙi suka zo daga wata ƙasa suka cika wa ɗanta aljihu, na gane ba zan ji daɗi ba. Gwanjon muka ba kwamitin taimako na ikilisiyarmu. Kuɗin da ya rage muka riƙe, bisa shawararsa, don mu sayi alli da littattafan rubutu da tabarmi a kasuwar Maraɗi.

Da asuba ranar Alhamis muka tashi a motar ikilisiya, bayan addu'a a harabar majami'a. Muka bi ta Dukku, Darazo, Birnin Kudu, Wudil, muka ratsa Kano, muka kwana Katsina a ɗakin baƙi na wata ikilisiya. Dattijonmu ya kafa doka tun daga gida cewa ba tafiyar dare. Da safe muka kama hanyar Jibiya. A iyaka ba mu sha wata wahala ba sai ta jira: a sauka, a shiga layi, a buga hatimi a nan, a duba katin allura a can, jami'an kwastan su leƙa kaya. A ɓangaren Nijar, a Ɗan Isa, aka sake yin haka da jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu. Wasiƙar Faransancin nan ta yi mana rana, don jami'in yana karantawa ya ɗago ya ce da Hausa, "Wurin yara za ku? To, Allah shi ba da sa'a."

Wurin canjin kuɗi na fara gane cewa harshe ɗaya ba ya nufin fahimta ɗaya. Na sayi ruwa na tambayi kuɗin, yarinyar ta ce dala ashirin. Na tsaya ina lissafi. Ashe a can dala ɗaya sefa biyar ce, wato dala ashirin sefa ɗari ke nan, sefa dubu kuwa jika. Ranar duk sai da direbanmu, wanda ya taɓa jigilar albasa daga Galmi, ya riƙa yi mana ciniki. Daga iyaka zuwa Maraɗi tafiyar ba ta da nisa. Muka wuce Danja, inda SIM take da asibitin masu ciwon kuturta tun shekarun 1950. Gonakin gero kore shar hagu da dama, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne itatuwa a tsakiyar gonaki, gawo tsirara ba ganye kamar yadda yake yi da damina. Daga baya faston ya faɗa mana cewa manoman yankin sun daina tumɓuke kututture, suna barin tohon ya girma suna yi masa aski, dabarar da wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa a nan ƙasar Maraɗi a farkon shekarun 1980.

Faston yana jiranmu a Maraɗi kan babur. Muka yi sayayya, muka bi shi ta hanyar rairayi har ƙauyen. Majami'ar ɗaki ɗaya ce ta laka da rufin kwano, benci shida. Matarsa ta tarbe mu da fura, wadda su suke ce wa hura, mai sanyi daga randa. Mata muka sauka a ɗakinta, maza a cikin majami'a, kowa da gidan sauronsa.

Na zaci washegari za mu fara. Faston ya ce a'a, ranar Asabar ta gaisuwa ce. Da hantsi muka tafi ƙofar mai gari da goro da sukari da ganyen shayi. Muka cire takalma, maza suka durƙusa gaba, mu mata a baya. Bayan doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina ruwa, ina mutanen gida, dattijonmu ya ce, "Ranka ya daɗe, mu Kiristoci ne daga Gombe. Mun zo ne mu taya fasto koya wa yara labaran Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi da karatu da tsabta, kwana biyar. Ba mu zo da wani abu a ɓoye ba." Mai gari, tsoho mai farin gemu, ya dube mu ɗaya ɗaya. Ya ce fasto maƙwabcinsa ne, bai taɓa jin sharrinsa ba. Ya kafa sharaɗi biyu: kada karatunmu ya ci lokacin makarantar allo ko na salla, kuma yaron da ubansa bai yarda ba kada a karɓe shi ko ya zo da kansa. Muka ce mun ji mun karɓa.

Da yamma muka rabu biyu biyu, kowane rukuni da ɗan gari, muka shiga gida gida. Ni da matar fasto muka shiga gida tara. Tana yin sallama, ta gabatar da ni, ni kuma in faɗi abin da za mu koyar ba tare da na rufe sunan Yesu ba. Gida shida suka yarda, uku suka ce a yi haƙuri. A ɗaya daga cikin ukun, uwargidan ta ce, "Baƙuwa, ba ƙinki muka yi ba, maigida ne bai so." Ta kawo mini gyaɗa a ƙwarya ta raka mu har zaure. Wannan yinin ya fi kowane yini gajiyar da ni, kuma ina ganin shi ne ya riƙe sauran kwanakin duka. Yaran gidan nan uku kuwa sun zo ranar Litinin sun tsaya a bakin dangar, kuma da ciwon zuciya matar fasto ta rarrashe su ta mai da su gida.

Lokacin karatu ma gona ce ta tsara mana shi. Watan Agusta ne, manyan yara suna gona ko kiwo tun safe. Saboda haka ƙanana muke ɗauka daga hantsi zuwa gabanin azahar, manya kuma bayan la'asar. Ranar farko yara arba'in da 'yan kai suka zo, ranar Laraba sun haura tamanin. A gindin wata bishiyar dogon yaro muke shimfiɗa tabarmi. Mu fara da wanke hannu a buta da sabulu, kowa a layi, sai waƙa, sai labari, sai a rabu rukuni rukuni don haddar aya da zane, sai wasa da samarin Birged.

A nan na haɗu da saurayin da aka ambata a wasiƙa. Yara suna kiransa Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a can. Siriri ne, mai sanyin magana, ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya ɗan taɓa sakandare kafin mahaifinsa ya rasu ya dawo gona. Shekara huɗu yana tara yaran nan kowace Lahadi ba tare da ko allo ba.

Kwana biyun farko mu muka cika fili. Muna da 'yan tsana, muna da ganga, muna da waƙoƙin da yaran ba su taɓa ji ba, suna ta tsalle. Amma Hausarmu ta Gombe tana tuntuɓe. Na ce kowa ya ɗauko biro, suka yi ta kallona, domin a wurinsu biro ofis ne, abin rubutu bik ne, littafin rubutu kuma kaye. Na ce a gidan Fir'auna an tara hatsi iri iri, wani yaro ya ce hatsi ai iri ɗaya ne, don su gero kaɗai suke kira hatsi. Babbar matsalar ta fito wajen haddar aya. Mun rubuto ayoyi a manyan takardu tun daga gida, muna ganin duk ɗan makaranta zai karanta. Ashe da Faransanci ake koya musu haruffa. Inda muka rubuta "ce" sai su karanta "se", domin sautin da muke rubutawa da c su da haruffa uku suka san shi, t da c da h. Wasalin u kuma a wurinsu o da u ne a haɗe. Harshen uwarsu ne a takardar, amma ya zame musu baƙo. Duk lokacin da muka maƙale, sai Mushe ya taso daga baya ya faɗi kalma biyu, fuskokin yaran su washe, ya koma ya zauna.

Daren Talata muna zaune a tsakar gida bayan tuwo, ana bitar yini kamar kullum, kowa yana murnar yawan yara. Matar fasto, wadda ba ta cika magana a taron ba, ta ce, "Malama, in faɗi wani abu?" Na ce, "Faɗi mana, Mama." Ta ce yau ta ji wata yarinya tana ce wa ƙawarta, malaman Nijeriya sun fi Mushe iyawa. Ta ce, "Ranar Lahadi mai zuwa ba ganga, ba 'yan tsana, sai shi kaɗai. In yaran sun raina shi, me kuka bar mana?"

Ba wanda ya amsa. Ni dai kunya ta rufe ni, domin ni ce na fi kowa tsayawa a gaba. Na zo da niyyar taimako, ga shi ina rushe wa bawan Allah abin da ya yi shekara huɗu yana ginawa. Dattijonmu ya ce mu yi addu'a. Bayan addu'ar muka kira Mushe muka nemi gafararsa. Ya ce shi bai riƙe komai ba, shi ma yana jin daɗin kallo. Amma da muka tambaye shi ko zai karɓi labarin gobe, na ga yadda ya gyara zama.

Daga ranar Laraba muka juya tsarin. Shi ke ba da labari, mu muna riƙe masa hotuna, muna zama cikin yara muna tsawatar wa masu surutu. Waƙa kuwa mawaƙanmu su koya masa da dare, shi ya koya wa yara da safe. Kuma ya fi mu. Da ya zo kan 'yan'uwan Yusufu sun jefa shi rijiya, sai ya tambayi yaran gaba nawa ce rijiyar garinsu, suka faɗa, ya ce to ku rufe ido ku ji kanku a ƙasanta, kuna jin muryar yayyenku a sama suna cin abinci. Wurin ya yi tsit. Da ya zo kan shekara bakwai na yunwa, bai bukaci hoto ba. Ya ce kun san watan da rumbu yake ƙarewa gero bai nuna ba, irin wanda muke ciki yanzu? Duk suka ce e. Ni da na shirya darasin a Gombe ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Dararen da suka rage muka mai da su na horo. Ga Mushe, ga matar fasto, ga wasu 'yan mata biyu na ikilisiyar da suka nuna sha'awa. A hasken fitila mai caji muka nuna musu yadda ake raba labari kashi uku, yadda ake yi wa yaro tambayar da ba e ko a'a ce amsarta ba, yadda ake haddace aya ta hanyar share kalma ɗaya ɗaya a allo. Muka yi allon ƙyalle da tsohon bargo, hotunan kwali muka manna musu yashi da ƙaro a baya don su kama. Muka zauna da shi muka sake rubuta ayoyin, muka ware minti goma kullum don nuna wa manyan yara yadda haruffan Hausa suke tafiya, har da masu lanƙwasa. Yaran da suka riga suka san haruffa ba su ɗauki lokaci ba. Ranar Alhamis wata yarinya 'yar wajen shekara goma sha biyu ta buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ta karanta Markus 10:14 da kanta, inda Yesu ya ce a bar yara su zo wurinsa. Ta karanta tana tsayawa tana komawa, da ta kai ƙarshe ta ɗago ta ce, "Mushe, wannan ai maganarmu ce."

Akwai abin da ya faru ranar Alhamis ɗin da har yanzu ina tunawa da shi cikin addu'a. Wata yarinya takan zo da ƙaninta a goye, ɗan wajen shekara biyu. Ranar ma'aikaciyar jinyarmu ta lura ba ya ɗaga kai. Ta taɓa shi, jiki zafi rau. Ta ɗauko ɗan ma'aunin nan mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro, ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Damina a can lokacin zazzaɓin cizon sauro ne kuma lokacin ƙarancin abinci, su biyun kuwa in suka haɗu a jikin ƙaramin yaro ba sa jira. Muna da magani a jaka, amma tun daga gida an yanke cewa namu na 'yan tawaga ne, ba za mu buɗe asibiti a ƙasar da ba mu da iznin aiki ba. Ta tafi da matar fasto wurin uwar, suka samu uban a gona, ya yarda. Motarmu ta kai su asibitin gwamnati mafi kusa, aka gwada jininsa aka samu zazzaɓin, aka kwantar da shi, aka kuma sa shi cikin shirin masu tamowa, inda ake ba da abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin 'yar leda. Uban ya zo da dare ya tsaya a ƙofar gidan fasto ya yi godiya. Ban ga yaron ba kafin mu taso, amma bayan mako uku faston ya aiko cewa yana tafiya da ƙafarsa.

Ranar Juma'a muka rufe da wuri saboda masallaci. Da la'asar iyaye mata suka zo da yawa, maza kaɗan suka tsaya daga nesa, mai gari ya aiko wakili. Yara suka yi wasan Yusufu, da rigar da aka haɗa da ƙyallaye kala kala, Mushe yana tsaye a gefe yana ba su hannu. Kowane yaro ya tafi da kaye ɗaya da fensir da zanen da ya yi da hannunsa. Allo da alli da 'yan tsana da gangar da Littattafai Masu Tsarki goma muka danƙa wa ikilisiya a gaban kowa, a hannun Mushe. Da asubar Asabar muka je sallama ƙofar mai gari, ya ba mu zabi biyu. Yara suka bi motar da gudu har bakin gonaki. Wata 'yar ƙarama da ta saba zama a cinyata ta tambaye ni yaushe zan dawo. An gargaɗe mu kada mu yi wa yaro alkawarin da ba mu da iko a kansa, saboda haka na ce mata ban sani ba, amma Mushe yana nan ranar Lahadi.

Da muka dawo Gombe aka ba mu minti ashirin a sujada. Dattijonmu ya karanta lissafin kuɗi har na ƙarshe, ya mai da canjin da ya rage. Ni aka ce in ba da rahoton aikin. Na faɗi yawan yaran, amma na fi daɗewa a kan maganar matar fasto ta daren Talata, domin ina so duk wanda zai je bayanmu ya ji ta tun daga gida. Na roƙi ikilisiya abu ɗaya, ta ɗauki nauyin Mushe ya je makarantar Littafi Mai Tsarki a can ƙasarsu lokacin rani, in an gama girbi. Zumuntar Mata suka ce su za su ɗauka.

Mun shirya komawa shekara mai zuwa, wannan karon har da ƙanwarmu, katin allurarta yana hannunta. Sai gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, muna dab da tashi. Bayan haka annobar korona ta zo, hanyar Jibiya kuma ta ƙara lalacewa da 'yan bindiga, sannan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 ya sake rufe iyaka wata da watanni. Har yau ban sake taka ƙauyen ba.

Abin da ya rage tsakaninmu shi ne waya. In Mushe ya shiga Maraɗi ranar kasuwa ya samu intanet, sai saƙonnin muryarsa su shigo mini a WhatsApp a jere. Yanzu yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma ɗaya daga cikin 'yan matan nan da muka zauna da su a hasken fitila ita ke riƙe da ajin ƙanana. Gangar ta fashe an sake mata fata sau biyu. Makon jiya ya ce sun gama labarin Rut, suna so su shiga Daniyel, in aika masa yadda nake raba shi. Ya kuma ce in tambayi ƙanwarmu ko za ta rera masa waƙar nan ta ramin zakuna a hankali, baiti baiti, don ya rubuta. Na gaya mata, ta ce ranar Asabar bayan koyon waƙa za ta biyo gidana mu ɗauka.